Shekara 63 a Gindin Dutsen Kagoro: Waiwaye Kan Malam Gwamna Awan

Wanda ya bar Kafanchan ya kama hanyar Manchok zuwa Jos, ba zai yi nisa ba sai dutse ya tare masa ido. Dutsen Kagoro ke nan, doguwar katanga da ta miƙe kamar ba za ta ƙare ba, wadda da damina hazo kan sauko ya lulluɓe mata kai har hantsi. A gindinta garin yake kwance, da majami'unsa da makarantunsa da layin dogon da ya ratsa ta gefensa. A nan ne Malam Gwamna Awan ya riƙe sarauta daga 1945 har ranar 1 ga Oktoba, 2008, ranar da ƙasa ke bikin cika shekara 48 da samun 'yanci, shi kuma ya riga mu gidan gaskiya yana da shekara 93 a duniya. Ya hau gado lokacin da Sir Arthur Richards ke gwamnan Najeriya, ya bar duniya a zamanin Shugaba Umaru Musa 'Yar'adua. Sarkin Musulmi Abubakar na Uku ya yi shekara 50 a kan karaga, Sarkin Kano Ado Bayero ya yi 51, Malam Gwamna ya yi 63.

'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram suna da magajin gari, wanda ake tuhuma idan kwata ta toshe ko kasuwa ta ƙazantu. Mu a wannan ɓangare, kafin a ƙirƙiro ciyaman da kansila, sarki ne ke ɗauke da wannan kaya, a ƙarƙashin tsarin En'e. Shi ne mai hanya, shi ne mai makaranta, shi ne mai rijiya da ɗakin shan magani. Don haka waiwayen rayuwar Malam Gwamna waiwaye ne na yadda hidimar gari ta tashi daga hannun mutum ɗaya da kowa ya san ƙofar gidansa, ta koma hannun ofisoshi.

Kafin zuwan Turawa, mutanen Kagoro, waɗanda ke kiran kansu Agworok, ba su da sarki guda da ke mulkin ƙasar baki ɗaya. Dattawan zuriya da masu kula da tsafi ne ke yanke magana. Ƙarni na 19 kuwa ƙarni ne mai zafi a wannan yanki. Masarautar Jama'a, wadda Malam Usman Yabo ya kafa wajen 1810, tana biyan gaisuwa ga Zazzau, kuma bayi na cikin abin da ake kai wa. Wannan magana ce da bai kamata mu Hausawa mu kauce mata ba, domin ita ce tushen abubuwa da yawa da suka biyo baya. Mahaya sun sha kai hari ƙauyukan da ke kan fili, amma doki ba ya hawan dutse irin na Kagoro. Mutanen suka haye sama, suka yi gonaki da rumbuna a can, suka tsare mashigai da kwari da baka. Har aka gama wannan zamani mahayan ba su ci Kagoro da yaƙi ba.

Turawa ma ba su same ta a ruwan sanyi ba. Sai da aka yi ta aika sojoji daga wajen 1905 kafin ƙasar ta lafa musu. Wani jami'insu, Manjo Tremearne, wanda ya yi aiki a Jama'a, ya fitar da littafi a 1912 da tun daga sunansa cin mutunci ne, inda ya kira mutanen masu wutsiya masu farautar kawuna. Da irin wannan ido aka kalle su. Sai dai akwai abu ɗaya da tarihinsu ya saya musu. Tunda Baturen mulki bai tarar da su ƙarƙashin Zazzau ko Jama'a ba, bai iya miƙa su ga kowane sarki ba. Ya naɗa musu sarki daga cikinsu, aka bar Kagoro a matsayin gunduma mai cin gashin kanta, kamar Marwa da Jaba. Maƙwabtansu Kataf da Kaje, waɗanda a yau muke kira da sunayensu na asali Atyap da Bajju, ba su sami wannan ba. Su hakimai aka riƙa turo musu daga Zariya. Mu riƙe wannan bambanci, za mu sake cin karo da shi a gaba.

Abubuwa biyu ne suka sauya fuskar ƙasar, kuma kusan tare suka iso. Na farko jirgin ƙasa. A tsakanin 1926 da 1927 layin dogon da ya taso daga Fatakwal ta Inugu da Makurɗi ya haɗu da na Kaduna, aka kuma fitar da reshe daga Kafanchan zuwa Jos saboda kuza. Wurin da ƙauyukan Fantswam ne kawai sai ga shi ya zama mahaɗa, da loko da kwatas na ma'aikata da kantunan kamfanoni. Ibo da Yarabawa da Hausawa da mutanen ƙasar suka cakuɗa a tasha ɗaya, har Sarkin Jama'a ya dawo da fadarsa Kafanchan a farkon shekarun 1930. Reshen nan na Jos ta gindin dutsen Kagoro ya bi. Na biyu kuma 'yan mishan na SIM. Sun riga sun kafa tasha a Kwoi tun 1910, sannan a daidai lokacin da jirgi ya iso suka sauka Kagoro ƙarƙashin Rabaran Thomas Archibald.

Gwamna, wanda aka haifa a 1915, yana ɗan saurayi lokacin da waɗannan baƙi biyu suka zo. Ɗan gidan sarauta ne, jinin Sarki Biya Kaka, kuma yana cikin yaran farko da suka zauna gaban Bature suka koyi a, ba, ca. Da Hausa aka koya musu. Wannan wani abu ne da 'yan baya ba su cika lura da shi ba. Mishan ta zaɓi Hausa ta zama harshen aji da na majami'a, kuma da aka kammala fassarar Littafi Mai Tsarki cikin Hausa a 1932 sai harshen ya ƙara kafuwa a gidajen da ba a taɓa yin sa ba. Shi ya sa har gobe idan ka shiga majami'a a Kagoro ko Zonkwa ko Kwoi za ka ji addu'a da Hausa tsantsa, shi ya sa kuma aka san wannan sarki da Malam tun kafin a san shi da rawani. Daga nan aka tura shi makarantar horon malamai ta Toro a ƙasar Bauci, wadda gwamnati ta buɗe domin 'ya'yan ƙabilun da ba Musulmi ba. Ya dawo ya koyar a makarantar mishan ta garinsu, daga bisani ya koma aikin En'e yana riƙe da alƙalami a ofishin sarki. Kafin ya kai shekara 30 ya san allo da alli, ya kuma san kundin haraji ciki da bai.

Shekarun Yaƙin Duniya na Biyu sun bar tabo a wannan ƙasa. Bayan da Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Ingila ta rasa inda take samun kuza, sai ta juyo kan Filato. Aka shiga kwasar majiya ƙarfi daga larduna ana kai su haƙar ma'adini ala tilas, abin da mutane suka sa wa suna ɗiban gwamna. Sanyin Jos da yunwa da cuta sun kashe da yawa, kuma ta hannun sarakuna da hakimai ake bi a tattaro mutanen. A irin wannan yanayi, da talaka ke ganin sarki a matsayin bakin Bature, Biya Kaka ya rasu, aka naɗa Malam Gwamna a 1945. Shi ne Kirista na farko da ya hau gadon Kagoro, yana kuma cikin na farko-farko a Arewa baki ɗaya. Ba ƙaramin al'amari ba ne a lokacin, domin yawancin mutanensa suna kan addinin gargajiya, Turawan mulki kuma ba su cika sakin jiki da 'yan makarantar mishan ba.

Yana da kyau mu tsaya mu dubi abin da ake nufi da sarkin En'e a wancan zamani, tunda yawancin masu karatu ba su gan shi ba. Da kaka, bayan an cire amfanin gona, malamin haraji kan zauna ƙarƙashin inuwa da kundinsa a kan cinya. Mai unguwa na tsaye yana kiran magidanta ɗaya bayan ɗaya, ɗan doka na gefe da kulki a hammata. Mutum ya kwance bakin zane ko ƙullin tsumma, ya ƙirga sulalla, a yago masa rasit. Rasit ɗin nan ba a wasa da shi. Akan naɗe shi a cusa cikin gora ko a soke a jinkar ɗaki, domin ranar da aka tambaya aka rasa, sai an kwana a gidan yari. Kuɗin su tafi baitulmali, gwamnati ta ɗebi rabonta, abin da ya rage da shi za a biya albashin sarki da malamai da 'yan doka, a gyara kwalbati, a sayo magani, a yi wa aji rufi. Kowace shekara sai an tsara kasafi an kai wa Di'o ya duba, Razdan ya sa hannu. Shari'ar gona da ta aure da ta gado ma a gaban sarki da 'yan majalisarsa ake yanke ta.

Kuɗin shigar Kagoro kuwa ba su da yawa. Ba gyaɗar Kano, ba audugar Funtuwa, ba jangalin manyan garkunan Sakkwato. Acca ce da dawa da doya da gwaza, sai 'yar citta da ta fara samun kasuwa a yankin. Sarkin ƙaramar ƙasa irin wannan, idan yana son a yi aiki, dole ya nemi abin da ya fi kuɗi, wato yardar mutane. Da aikin gayya aka share yawancin hanyoyin ƙauyuka, da shi aka buga tubalin azuzuwa, mata na ɗebo ruwa, samari na kwaɓa ƙasa, dattawa na yanko azara. Gayya kuwa ba ta fita don tsoron kulki kaɗai. Mutane kan fito ne idan sun ga wanda ya kira su ba cikin aljihunsa abin zai shiga ba.

A ganina babban abin da Malam Gwamna ya gane tun da wuri shi ne ƙasa mai dutse ba ta da arzikin da ya wuce 'ya'yanta. Malamin makaranta ne aka naɗa sarki, kuma bai daina zama malami ba. A lokacin da a wurare da yawa iyaye ke ɓoye yara a rumbu idan an zo ɗibar 'yan makaranta, a Kagoro fada ce ke gaba wajen tura su. Makarantar koyon Littafi Mai Tsarki da mishan ta fara tun kafin sarautarsa ta girma a zamaninsa har ta zama babbar makarantar tauhidi da ake zuwa daga ko'ina a Najeriya. Aka sami makarantar horon malamai, aka sami sakandare, aka sami makarantar koyon aikin lafiya. A Kagoro ne kuma wakilan majami'un SIM suka taru a 1954 suka aza harsashin ECWA, ikilisiyar da a yau ke da mabiya miliyoyi. Duk waɗannan suna bukatar fili, suna bukatar zaman lafiya, suna bukatar mai gari da ba ya ganin ɗan boko a matsayin abokin gaba. Sakamakon ya fito fili bayan shekara ashirin. Lokacin da gwamnatin Jihar Arewa ta tashi cike guraben Turawa da na 'yan Kudu da 'yan Arewa, kudancin Lardin Zazzau na cikin wuraren da aka samo malamai da nas-nas da akawu da sojoji, har a makarantun Katsina da Sakkwato akan tarar da malami ɗan Kagoro ko ɗan Kwoi.

Sai bikin Afan. Asalinsa na mafarauta ne. Bayan girbi akan tsarkake dutse, a sa wuta a daji, maza su hau farauta, su sauko a tarye su da kiɗa da guɗa. Kalmar afan ɗin ma dutse take nufi. Sarki Kirista na iya cewa wannan kayan tsafi ne ya bar shi ya mutu, kamar yadda bukukuwa da dama suka mutu a wasu garuruwa bayan zuwan sababbin addinai. Malam Gwamna bai yi haka ba. A zamaninsa ne bikin ya zauna a ranar 1 ga Janairu, ya zama ranar da duk ɗan Kagoro da ke Legas ko Kano ko Kaduna ke neman motar gida. Wanda ya taɓa tsayawa a filin nan ba zai manta ba. Ƙurar hunturu ta tashi, mafarauta na shigowa da fatu a kafaɗa da kwari a baya, ƙahoni na amsa wa juna, ga 'yan Boys Brigade da gangunansu na maci, ga matan zumunta cikin anko suna buga tulu suna waƙa, ga 'yan rawa daga Marwa da Attakar da Kataf da Jaba, ga Fulani da Hausawan gari a cikin 'yan kallo. Tsohon zamani da sabo a fili ɗaya, sarki na zaune a rumfa yana karɓar gaisuwa.

Shekarun 1950 sun zo da siyasa. Ƙananan ƙabilun Arewa suka fara neman a ji muryarsu, aka kafa ƙungiyoyin da suka haɗe suka zama jam'iyyar UMBC a 1955, aka kuma kai koke gaban Hukumar Willink da Ingila ta turo a 1957 don sauraron fargabar tsiraru. Atyap da Bajju, waɗanda tun shekarun 1940 suke ƙorafi kan hakiman Zariya, suna da misali a kusa da su. Da sun ɗaga kai sai su ga Kagoro, ƙasa mai harshe kusan ɗaya da nasu, tana da sarkinta ɗan ƙasa, kuma sama ba ta faɗo ba. Zaman Malam Gwamna a kan gado, yana gudanar da mulki cikin tsari, shi kansa hujja ne a hannunsu. Bayan samun 'yanci, lokacin da Sardauna Ahmadu Bello ya shiga rangadin musuluntarwa daga 1963 zuwa 1965, sarakuna da dama a tsakiyar Najeriya sun karɓi Musulunci. Sarkin Kagoro ya ci gaba da aiki da gwamnatin Kaduna, ya kuma ci gaba da zuwa majami'arsa ranar Lahadi.

Daga 1966 ne ƙasa ta fara zamewa daga ƙarƙashin En'e. Aka kashe Sardauna a Janairu, rikicin da ya biyo baya ya kwashe Ibo ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa daga Kafanchan, yaƙin basasa ya ɓarke. A watan Mayun 1967 Janar Gowon ya raba ƙasa jihohi 12, yankin ya faɗa Jihar Arewa ta Tsakiya ƙarƙashin Gwamna Abba Kyari. Cikin 'yan shekaru kaɗan aka karɓe kotuna daga hannun sarakuna, aka karɓe gidajen yari, aka narkar da 'yan doka cikin 'yan sandan Najeriya. Sannan gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya zo ya ƙarasa sauran. Baitulmali da makarantun firamare da kasuwanni da asibitocin sha-ka-tafi suka koma hannun majalisar ƙaramar hukuma, sarakuna aka bar su da ba da shawara. Kagoro ta zauna ƙarƙashin ƙaramar hukumar Jama'a mai hedikwata a Kafanchan, daga baya aka yanke ƙaramar hukumar Kaura ta koma can tare da Marwa da Attakar.

Gyaran nan yana da dalilinsa, kuma ba za mu yi masa ƙarya ba. En'e ta yi zalunci a wurare da yawa, 'yan jam'iyyar NEPU da 'yan UMBC da suka sha ɗauri a kotunan sarakuna shaida ne. Amma an yi asarar wani abu a cikin sauyin. A da kuɗin da ake kashewa a gari daga aljihun mutanen garin suka fito, kowa na da rasit a jinka, don haka kowa na da bakin tambaya. Da kuɗin mai suka fara gangarowa daga sama, musamman bayan da gwamnatocin Kaduna da Kano suka soke haraji da jangali a farkon Jamhuriya ta Biyu, sai idon mai mulki ya koma kan wanda ke aiko masa da kaso. Ciyaman ya zo ya yi shekara biyu ko uku ya tafi, wani lokaci ma kantoma ne da ba wanda ya zaɓe shi. Kafin ya san sunayen masu unguwanni an sauke shi.

Malam Gwamna ya yi shekara 31 yana da iko, ya kuma yi 32 bayan an karɓe shi. Rabin na biyun ne ya fi ba ni sha'awa. Ba shi da ɗan doka, ba shi da kurkuku, ba shi da baitulmali, amma zauren fada bai daina cika ba. Rikicin iyakar gona, shanu sun shiga dawa, 'yan'uwa sun saɓa kan gado, gwamnati na son fili ko tana son a fito da yara rigakafi, duk nan ake fara zuwa. Waɗanda suka zama manyan sakatarori da hafsoshin soja da limaman majami'u, da yawansu ya san iyayensu, ya san ranar da aka kai su aji ɗaya. Irin wannan girma ba a ba da shi da takarda, shi ya sa takarda ba ta iya karɓe shi ba.

Shekarun ƙarshe na rayuwarsa sun zo daidai da mafi munin zamani a yankin. Reluwen da ya haifi Kafanchan ya durƙushe, loko ya yi shiru, samari suka rasa aikin yi. A watan Maris na 1987 rigima ta tashi a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan, kafin a ankara wuta ta kai Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina. A 1992 aka yi ta Zangon Kataf har sau biyu, a 1999 aka sake yin wata a Kafanchan kan naɗin sabon Sarkin Jama'a, a 2000 kuma ta Kaduna. Babu sarkin da zai iya tare irin wannan ambaliya da rawaninsa. Amma da hukumomi suka zauna neman magani, sai suka koma kan abin da Kagoro ke da shi tun farkon ƙarni. A 1995 gwamnan soja na Kaduna Kanar Lawal Ja'afaru Isa ya ba Atyap da Bajju masarautunsu. A 2001 Gwamna Ahmed Makarfi ya ƙara wasu da yawa, har da ta Fantswam a Kafanchan. Sababbin sarakunan nan, waɗanda wasunsu sa'o'in 'ya'yansa ne, sun tarar da dattijo da ya riga su shiga wannan aiki da rabin ƙarni.

Ya sami lambar girma ta MBE daga Ingila da ta OON daga Najeriya. Lokacin da ya rasu Namadi Sambo ne gwamnan Kaduna, mataimakinsa kuma Patrick Ibrahim Yakowa, ɗan Fadan Kagoma, wanda aka haifa shekara uku bayan naɗin Malam Gwamna, wanda kuma shekara biyu bayan rasuwarsa ya zama ɗan kudancin Kaduna na farko da ya hau kujerar gwamnan jihar. Malam Ufuwai Bonet ne ya gaje shi a Kagoro. Abin da ya sami yankin daga 2011 zuwa yau, daga ƙonewar kasuwar Kafanchan har hare-haren da suka kai gindin dutsen Kagoro kansa, ba sai an faɗa wa kowa ba.

Waɗanda suka yi aiki da shi a zamanin En'e, malaman haraji da 'yan doka da malaman elemantare da ungozomomin farko, saura kaɗan ne a raye, kuma kowane hunturu ana rage su. Takardun gundumomin Lardin Zazzau suna nan a Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, ga kuma Gidan Arewa. Ɗaliban reshen Jami'ar Jihar Kaduna da ke Kafanchan da na Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya da na makarantar tauhidi ta Kagoro, kowannenku na da waya mai ɗaukar murya a aljihu. Ku je ku durƙusa gaban tsofaffin nan, Kirista da Musulmi da masu bin gargajiya, ku tambaye su yadda aka share hanyar ƙauyensu da wanda ya buga tubalin ajin farko, ku rubuta da Hausa da harshen Agworok kafin Afan mai zuwa.